Ɗigo Ukun Abarshi Mai Walda

A Birnin Gwari, idan ka gai da Abarshi mai walda da safe ka tambaye shi ko ya kwana lafiya, sai ya ɗan dube ka tukuna kafin ya amsa, yana auna abin da ya sa kake son sani. Ba mugun mutum ba ne, kowa ya shaida wannan. Allah ne kawai ya halicce shi ba ya karɓar abu yadda aka miƙo masa. Mai shayi ya ce ganyen na yau ne, sai ya buɗe butar ya leƙa. Mahauci ya ce naman sa ne, sai ya juya tsokar yana neman inda ta yi kama da ta tsohuwar saniya. Hatta matarsa Furera, da suka shekara talatin da bakwai tare, in ta ce ta rufe ƙofar gida, sai ya tashi ya je ya taɓa kwaɗon da hannunsa. Shi ya sa tuntuni sunansa ya koma Abarshi Ban-Yarda-Ba. Ranar da aka gaya masa haka ake kiransa a bayan idonsa, cewa ya yi bai yarda ba.

Wadda ta fi kowa shan wannan hali ita ce Huraira, matar Ja'afaru Bafulatani, da ke kawo nono gari daga rugarsu ta wajen hanyar Damari. Shekara da shekaru tana sauke ƙwarya a bakin rumfarsa, shekara da shekaru yana zaro wani tsinke da ya soke a rufin rumfar, ya tsoma a nonon, ya ɗaga ya ga yadda yake ɗiga, wai ko an tsinka shi da ruwa. Ko sau ɗaya bai taɓa kama ta ba. Wannan bai sa ya daina ba. Cewa yake ta dai iya ne.

Asalinsa ɗan manoma ne daga Gayam. Yana saurayi ya jingine fartanya ya bi motar katako zuwa birni, ya yi dako, ya yi gadi, daga ƙarshe ya samu shiga wani kamfani da ke haɗa babura. A wancan zamani a akwatuna ake kawo su daga ƙetare, gunduwa-gunduwa, a nan ake ɗaura su. Cikin kayan akwai firam, wato ƙarfen nan da inji da taya da kujera da komai ke ɗaure a jikinsa. Tsakanin jirgin ruwa da bayan tirela, wasu sukan iso da lotsawa, wasu da 'yar tsaga. Kamfanin ba ya zubar da su. Akwai wani ɗaki a can baya mai mutum huɗu, aikinsu ke nan, su gyara irin waɗannan kafin su je wurin fenti. Nan aka jefa Abarshi, a ƙarƙashin wani ɗan Gbagyi mai suna Gideon, mutum mai dariya da yawa da hannu mai sanyi.

Ɗakin yana da doka ɗaya da ba a wasa da ita. Duk wanda ya gama gyara, sai ya ɗauki wani ɗan ƙarfe mai tsini ya buga ɗigo a gefen aikinsa, don in ya karye gobe a san wuyan wanda za a kama. Gideon ɗigo biyu ne, Abarshi uku. Daga nan sai a rataye firam ɗin a ƙugiya a tsunduma shi gaba ɗaya cikin tankin fenti, fentin ya bi ko'ina, ciki da waje, har cikin bututun da hannu ba ya shiga.

"Ran da wani ya kawo maka babur ya ce gyaranmu ne," in ji Gideon, "kar ka tsaya kallon waje. Waje ko ɗan jiya zai shafa masa fenti. Leƙa cikin bututun. In wuta ta taɓa ƙarfe bayan ya fito daga tanki, fentin ciki ya ƙone ke nan, kuma ba mai iya mayar da shi."

Abarshi bai yarda ba sai da ya gwada a kan firam uku. Daga nan ya riƙe maganar har tsufansa.

Da kamfanin ya rufe, ya tattaro kayansa ya dawo gida, ya kafa rumfa a gindin wani maɗaci a bakin hanyar Kaduna. Garma, ƙofa, taga, amalanke, duk yana yi. Amma abin da ya fitar da sunansa daban ne. Akwai masu son tsofaffin babura, irin waɗanda malaman makaranta da ma'aikatan gona suka hau shekara arba'in da suka wuce. Wani na mahaifinsa ne ya gada yana son ya tashe shi, wani kuwa nema yake ya saya ya ajiye don sha'awa. Daga Kaduna, daga Zariya, har daga Kano sukan ɗoro su a bayan mota su kawo masa da tambaya guda: wannan waldar da ke jikinsa, ta kamfani ce ko ta bakin titi? In ta kamfani ce, babur ɗin lafiyayye ne, haka ya fito. In ta bakin titi ce, ya taɓa shan ƙasa, an karya shi an ɗinke.

Abarshi sai ya sa a jingine shi a rana. Ya zagaya shi sau biyu bai taɓa ba. Sannan ya tsuguna ya bi sahun waldar da farcen babban yatsa. Ta kamfani jere take, tsaf, kamar kitson da aka zauna aka yi da natsuwa, kuma tagulla suke sawa, in ka ɗan kankare gefe za ka ga rawaya. Ta bakin titi kuwa tsibi-tsibi take kamar kashin kaji. Duk da haka ba ya yanke hukunci a nan, don ya san akwai masu hannu a bakin titin ma. Sai ya kwance abin da zai kwance, ya zaro wani ɗan madubi daga aljihu, ya tara rana ya aika ta cikin bututun. Madubin na Furera ne, na cikin gwangwanin hodarta. Shekara goma sha ɗaya tana zargin 'ya'yan maƙwabta da shi, shi kuwa yana taya ta.

Kuma duk abin da ya gyara da hannunsa, ko murfin tukunya ne, sai ya buga masa ɗigo uku a inda ido ba ya kaiwa. Ba don ƙaunar tsohon kamfani ba ne. Tsoronsa kar wani ya kwaso ɓataccen aikin wani ya zo ya ce nasa ne.

Sai zamani ya juya. Dajin da ake shiga neman zuma da itace ya zama wurin da ko sunansa ba a so a ambata da ƙarfi. Babur, da a da jin ƙararsa ke sa yara su fito da gudu, ya zama abin da in an ji shi daga nesa mata ke kwashe yaran su shige ɗaki. Mutanen daji uku-uku suke hawa, kuma don babur ya ɗauki ƙarti uku da kayansu sai an ƙara wa kariyarsa, wato wurin ɗora kaya na baya, ƙarfe an tsawaita matakin ƙafa. Wasu baburan nasu ƙwace ne, an yanke lambar da ke wuyan firam an liƙa wata. Saboda haka 'yan sa-kai na garin suka tara duk masu walda da kanikawa a filin makaranta, suka ce daga yau ba mai ƙara wa kariya ƙarfi ga mutumin wajen gari, ba mai kai wuta kusa da lamba. Wanda aka kama, da shi da su ɗaya ne.

Abarshi ya fi kowa ɗaga murya wajen amincewa. Har ya ƙara da cewa shi tun fil azal bai yarda da kowa ba. Abin da bai faɗa ba shi ne, wata huɗu kafin wannan taro, ya yi wa Ja'afaru ainihin wannan aiki a kan tsohon baƙin babur ɗin da ya gada daga mahaifinsa. Gwiwoyin Huraira ne suka fara gazawa, tafiyar ƙasa daga ruga ta gagare ta, Ja'afaru yana so ya riƙa ɗauko ta da ƙoren nononta. Sai da Abarshi ya kwana uku yana yi masa tambayoyi, har ya sa aka kawo Hurairar ya ga yadda take ɗingishi, kafin ya kunna wuta. A filin makarantar ya so ya faɗa, ya dubi fuskokin mutane, ya ja bakinsa ya tsuke. Gaskiyar magana, tsoro ne.

Shekara biyu ta wuce ba abin da ya faru. Ran nan, ranar kasuwa da hantsi, yana tsugune yana liƙa kunnen garma, sai inuwa ta rufe masa aiki. Nu'uman ne, shugaban 'yan sa-kai na unguwar. Abarshi ya san shi tun yana yawo ba wando. Ya kuma san an ɗauke ƙanensa a hanyar Damari, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kuma tun daga ranar dariya ta bar fuskarsa.

"Baba, sannu da aiki. Idonka muke buƙata."

"Idona na nan. Me za a gani?"

"Mun tare wani da tsohon babur a shingen shigowa gari. Akwai walda a wuyan, daidai gefen lamba. Yara sun ce an yanke an liƙa. Shi ya ce gado ne. Motar da za ta kai mutane gaba za ta zo bayan azahar. Ba na so in ɗora mutum a kanta ban tabbatar ba, shi ya sa na zo da kaina."

Ba wanda ke buƙatar a yi masa bayanin abin da ake nufi da gaba. Wanda aka kai can, iyalinsa sukan daɗe suna jira, wasu har yau jiran suke. Abarshi ya kashe wuta, ya ɗauki sifana biyu da tsumma, ya shafa aljihu ya ji madubin, ya bi shi.

Tun daga nesa ya hango baƙin babur ɗin a ƙofar ofishin 'yan sa-kai, ya gane na Ja'afaru ne. Ja'afaru na zaune a ƙasa, hularsa a gefe, an ɗaure masa hannu da robar ɗaure kaya. Dattijo ne siriri mai furfura a gemu. Huraira na can bayan taro riƙe da bakin zanenta, ƙoren nonon a zube a gabanta ba wanda ya kula su. 'Yan kasuwa sun baro rumfunansu sun yi da'ira. Ja'afaru ya ɗago ya ga wanda aka kawo, ya mayar da kansa ƙasa kamar bai taɓa ganinsa ba.

A nan ne ya kamata Abarshi ya ce ya san babur ɗin, ya taɓa kwana uku a rumfarsa. Bai ce ba. Ya yi wa kansa lissafi cewa tambayar wuya aka yi masa, wuya zai amsa, kowa ya kama gabansa.

Wani matashi ya riga ya tsuguna da magagari zai goge waldar, wai don a ga abin da ke ƙasa.

"Kai, ɗaga hannunka!" Abarshi ya daka masa tsawa. "Wa ya aike ka? In ka goge fentin nan ka goge shaidar gaba ɗaya, sai a tambayi wa? Ubanka?"

Aka yi 'yar dariya, matashin ya ja da baya yana ƙunƙuni. Abarshi ya zagaya babur ɗin sau biyu kamar yadda ya saba, ko da yake ya san amsar tun shekara biyu da suka wuce, don ranar da aka kawo masa shi ba abin da bai leƙa ba. Ya sa aka ɗora shi a kan turmi, ya kwance kan, ya zare ƙafafun gaba da tayarsu, ya bar wuyan a buɗe. Ya murɗa tsumma ya share tsohon giris ɗin da ke ciki har sau uku. Sannan ya juya bayansa ga rana, ya fito da madubin, ya karkata shi har haske ya faɗa cikin bututun.

"Nu'uman, zo ka sa idonka. Ba ni za ka ji ba, kai za ka gani. Daidai bayan waldar nan, me ka gani a ciki?"

Nu'uman ya durƙusa ya rufe ido ɗaya. "Baƙin fenti."

"Ya tashi? Ya yi ƙuraje? Akwai tsatsa?"

"Babu. Sumul yake."

"To tashi ka dubi baron can." Ya nuna baron wani mai dako da aka liƙa wa hannu kwanan baya. "Juya shi ka dubi bayan inda aka liƙa."

Aka juya baron. Fentin ya ƙone ya yi zobe, tsakiyar ta yi jan tsatsa. Mutane suka matso suna leƙe, wannan ya dubi baro, ya koma ya dubi wuyan babur.

"Wuta ba ta taɓa ƙarfe ta bar fentin bayansa da rai," in ji Abarshi. "Wannan wuyan an liƙa shi tun yana tsirara, sannan aka tsoma shi a tanki. A kamfani ke nan, kafin a haifi yawancinku. Lambar kuma a kan ƙarfenta take, ba a taɓa ta ba." Ya ɗan tofa yawu a yatsa ya goge ƙasan waldar. "Ga kuma mai aikin. Ɗigo nawa ne nan?"

"Biyu."

"Gideon ke nan. Tare muka yi aiki. Shekararsa tara da rasuwa."

Muryarsa ta ɗan sauka a kan wannan, don ya yi kewar mutumin fiye da yadda ya taɓa faɗa wa kowa. Taro ya saki numfashi. Wasu har sun fara komawa rumfunansu. Abarshi ya shiga mayar da ƙafafun babur ɗin da saurin da ba a san shi da shi ba, yana Allah-Allah ya ɗaure ya bar wurin.

Abin da bai lissafa ba shi ne ya samu ɗalibi mai kai. Nu'uman ya ɗauki madubin daga inda aka ajiye shi, ya shiga zagaya babur ɗin a hankali yana tara rana nan da can. Da ya iso baya sai ya tsaya. Ya tsuguna. Ya daɗe a tsugune.

"Baba, wannan fa? Ƙarfe biyu a ƙarƙashin kariya, kuma matakin ƙafa ya fi na kowa tsawo. Fentin bayansu ya ƙone, ga zoben nan irin na baro. Bisa karatunka, wannan ba na kamfani ba ne."

Waɗanda suka fara tafiya suka dawo. Nu'uman ya miƙe ya tsaya a kan Ja'afaru.

"Baffa, wa ya yi maka wannan aikin?"

"An daɗe," in ji Ja'afaru. "Don tsohuwa aka yi, ƙafarta ba lafiya."

"Ban tambaye ka don wa ba. Wa ya yi?"

"Na manta shi."

"Mutum ya ƙara wa babur ɗinka ƙarfe ka manta shi? A garin nan ne ko a ina?"

Ja'afaru ya sunkuyar da kai. Daga bayan taro wani ya ce, "A daji aka yi!" Wani ya karɓa, "Makeransu na can ciki, shi ya sa ba zai faɗa ba." Hayaniya ta tashi. Huraira ta ɗora hannu biyu a ka. Ita ma ta san mai aikin, ita aka sa ta yi ɗingishi a gabansa, amma ko kallon inda yake ba ta yi ba.

Abarshi na durƙushe da sifana a hannu. Abu na farko da ya zo masa, don hali ba ya barin mai shi, shi ne zargi. Me Bafulatanin nan yake nufi da wannan shiru? Ajiye maganar yake sai an kai shi gaba ya fasa ta a can? Ko so yake ya riƙe shi da ita har abada? Ya juya abin ta kowane gefe yadda yake juya firam, yana neman inda tsagar take. Bai samu ba. Mutum ne a zaune a ƙasa da hannu a ɗaure, kalma ɗaya za ta kwance shi, kalmar kuma tana tsugune taku uku daga gabansa, ya ƙi furta ta don ya san abin da za ta jawo wa mai ita. Kuma wannan mutumin ne Abarshi ya shekara ashirin yana tsoma wa nonon rugarsa tsinke. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya yi wayo.

In ya ce na kamfani ne, ba hali, shi da bakinsa ya koya musu yadda ake ganewa. In ya ce bai sani ba, mota na zuwa bayan azahar. Ya ajiye sifanar ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Ni na yi."

Ba a ji shi ba sai da ya maimaita da ƙarfi.

Nu'uman ya girgiza kai. "Haba Baba. Tausayinsa ne ya kama ka. Kai da ka fi kowa magana a filin makaranta? Ban yarda ba."

Ko a wannan hali sai da wani ya tuntsire da dariya, jin an mayar wa mai abu abinsa. Abarshi bai yi dariya ba.

"Kwantar da babur ɗin. Dubi ƙasan ƙarfen hagu, wajen ƙarshe. Ƙirga."

Aka kwantar. Nu'uman ya goge laka da babban yatsa. "Uku."

"Yanzu je ka ƙofar ofishinku, wadda na liƙa muku bara. Dubi ƙasan maratayin ƙasa. In ka gama, aika a dubo ƙofar masallacin kasuwa, da garmar da ka same ni a kanta."

Nu'uman ya je ya durƙusa a bakin ƙofarsu. Ya ƙirga, ya dawo ya tsaya a gaban Abarshi.

"Yaushe ka yi?"

"Wata huɗu kafin taronku. A rumfata, da rana tsaka, bayan na ga ƙafar matarsa da idona."

"Me ya hana ka faɗa a taron? Me ya hana ka faɗa ɗazu da ka iso?"

"Tsoro," in ji Abarshi.

Nu'uman ya sunkuya ya kwance robar da kansa, ya ɗauki hular Ja'afaru ya kaɗe ta ya miƙa masa. Ya juyo ya ba Abarshi madubinsa.

"Baba, da wani ne da tare za su hau motar nan. Furfurarka da ɗigonka sun cece ka. Amma ka sani, daga yau idonmu na kan rumfarka."

Haka kuwa aka yi, kuma ba idon 'yan sa-kai kaɗai ba. Kafin la'asar labari ya gama gari, kafin kwana biyu ya yi 'ya'ya. Wasu suka ce ba kariya ɗaya ya yi ba, goma ce. Wasu suka ce dama mai yawan zargin mutane, a bincika shi. Kalmar nan da kowa ke tsoro, infoma, ba wanda ya faɗa masa ita a fuska, amma yana jin ta tana bin bayansa. In ya isa teburin mai shayi sai hira ta mutu, a koma maganar taki. Mai garmar nan ya aiko aka ɗauke ta da kunne ɗaya a liƙe. A masallaci wanda ke gefensa yakan amsa sallamarsa, amma sai ya ɗan dube shi tukuna. Abarshi ya gane wannan kallon sarai. Nasa ne.

Abin ya ci shi ƙwarai. Ran nan ya kasa daurewa ya ce wa Furera, "Mutanen garin nan ba su da yarda ko kaɗan."

Furera na tankaɗe. Ta ajiye rariyar ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Malam, kai ne da faɗin haka? To sannu. Kuma tunda gari duka ya ga madubina a hannunka, sai ka je ka ba 'ya'yan maƙwabta haƙuri, wasunsu har sun yi aure da zargina a kansu."

Ta gama dariyarta, ta dube shi, ta ga yadda ya rame a kwana goma. Ta ce a hankali, "Da ka yi shiru ranar nan, da ban sake cin tuwo da kai da daɗi ba. Riƙe madubin."

Mako uku Huraira ba ta shigo gari ba. A na huɗu, ranar kasuwa, Furera ta kawo masa abincin rana rumfa, suna zaune ba aiki sai kallon motoci, sai ga ta tafe da ƙwarya a ka tana jan ƙafa. Ja'afaru ya daina shigowa da babur, a shinge yake sauke ta. Da ta kusa maɗacin sai ta tsallaka ɗaya gefen titi, ta kau da kai, don kar a ga matar ruga a bakin rumfarsa a ƙara masa wani. Masu faci da masu sayar da mai a kwalba duk sun ga abin da ta yi, suna kuma jiran su ga abin da zai yi.

Abarshi ya miƙe ya fito har bakin kwalta.

"Huraira! Ina za ki da nonona? Tsallako!"

Ta tsaya tana waige-waige. Ya sake kiran ta, da ƙarfin da har na cikin tasha suka juyo. Ta tsallako a hankali, Furera ta taya ta saukewa. Ta buɗe faifan, ta ɗebo a ƙaramar ƙwarya ta miƙa masa, sannan ta koma gefe ta tsaya jira, yadda ta saba jira shekara ashirin.

Hannunsa ya tafi rufin rumfa da kansa, ya zaro tsinken. Ya tsaya da shi a sama. Ya dubi tsinken, ya dubi matar, ya dubi titin da ya zuba masa ido. Sai ya karya shi biyu ya yar, ya kafa kai ya shanye nonon tas, har yana bin gemunsa.

"Malam," in ji Furera, "yau ba a dubawa?"

Ya goge baki da bayan hannu ya miƙa wa Huraira ƙwaryar.

"Ƙaro," ya ce. "Kuma ki gaya wa Ja'afaru birkinsa na baya ya kusa cinyewa, na gani ranar nan. Ya kawo shi nan, da rana, ta bakin titi."